Hoton Yaya a Ƙofar Asibiti

Rana ta take, mu kuwa muna jere a ƙarƙashin rumfa, kowace sanye da rigar ƙungiya. Kawu ne ya tara mu, shi ne shugaba. Da bakinsa ya ce binciken likitoci ya nuna in aka gano sankarar mama da wuri ana warkewa, kuma ga gwaji kyauta har unguwa.

Yaya ta rufe keken ɗinkinta ta zo, don ta jima tana jin wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, kamar ƙwayar wake. Aka shigar da ita bayan labule. Wani mai farar riga ya goga mata na'ura ta saman riga, mai ɗaukar hoto yana cewa ta yi murmushi. Ko zama ba ta gyara ba aka ce ta fito.

"Kawu, to ƙullutun fa?"

"Haba 'yata, na'ura ta ce lafiyarki lau. Kin fi ta sani ne?"

Ta yi dariya, ta koma kan kekenta. Wa zai ƙaryata ƙanin uwarsa?

* * *

Sai da hannunta ya kumbura, ta kasa ko riƙe almakashi, sannan muka je asibiti. Likita ta tambaya me ya zaunar da mu har ciwon ya kai ƙashi. Yaya ta ce ai an gwada ta bara. Likitar ta dube mu kawai, ta sunkuyar da kai.

Na kira Kawu har na gaji. Wai yana taro, za a karrama ƙungiyarsu. Wallahi ban taɓa jin zafin mutum kamar na ranar ba.

* * *

Ina turo ta a keken marasa lafiya muka ga ƙaton allo a bakin ƙofa. Yaya ce a jiki, kumatu cike, tana murmushi. A ƙasa an rubuta: "An duba ni, hankalina ya kwanta. Ke fa?"

Ta daɗe tana kallo, ta gyara ɗankwalin da ya rufe kanta da ba gashi.

"Ashe na yi kyau ranar," in ji ta.

Ni kuwa wayar wutar na'urar nake bi da ido a cikin hoton. Ta sauko daga tebur, ta bi ta gefen ƙafar Yaya, ta ƙare a ƙasa. Ba a jona ta da komai ba.