Tayar da Ta Daina Kuka

Hikima ba ta magana. Shekararta biyar, kuma duk baƙon da ya shigo gidanmu na haya a unguwar Akwatialine ta Kumasi sai ya ba ni labarin ɗan wane da ya kai bakwai bai ce uffan ba, yanzu ga shi yana wa'azi a rediyo. Na gaji da yaran nan masu wa'azi. Tawa 'yar dai ba ta magana, kuma ba ta cin abinci sai da motarta.

Mota ce ta katako, ba ta wuce tafin hannu ba, irin motar hayar nan da muke kira trotro. Mahaifina, Baba Sanni kafinta, shi ya sassaƙa mata kafin ya rasu. Bai shafa fenti ba, don ya lura komai a baki take sawa. Tayar baya ta hagu ta ɗan karkace, in an juya ta sai ta yi wani kuka siriri. Hikima takan kara motar a kunne, ta dinga murza tayar da babban yatsa. Muddin kukan yana fita, bakinta a buɗe yake: koko, tuwo, wake da shinkafa, duk abin da na ɗebo zai wuce. Kukan na tsayawa, baki ya rufe, ko da cokali ba ka buɗe shi.

Baba ya bar mini dokokin motar kamar mai ba da amanar jariri. Kada a jiƙa ta. Tsumma mai ɗan laima, a goge, a shanya a inuwa ba a rana ba. A shafa man kaɗe kaɗan a jikinta, amma kada ya kusanci gindin taya. Haka nake yi duk Juma'a in Hikima ta yi barcin hantsi, har katakon ya yi duhu yana ƙyalli.

Sai damina ta yi mana irin tata. Da safe aka kece da ruwa, kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa, ta shigo tsakar gida da duk abin da unguwa ta zuba mata. Ina ta kwashe tabarmi da garwashi, ban ga lokacin da motar ta suɓuce daga hannun Hikima ba. Da ruwa ya janye, Mma Zuleha ce ta tsamo ta da sanda daga cikin baƙin laka a bakin kwata. Mma Zuleha tsohuwa ce mai sayar da ƙosai, ɗakinta na jikin nawa, kuma a Hausarta babu "ita", kowa "shi" ne.

"Rafia, wannan najasa ne paa," in ji ta. "Yarinya nan shi na sa shi baki. Dafa shi."

"Mma, ba a dafa katako."

"To ba shi haka ya tsotsa gota. Yaran gidan baya biyu suna asibiti da gudawa, ke ma kin ji."

Na ji. Na goge da tsumma, na goge da gishiri, na matsa lemun tsami. Jikin ya fita, amma lakar ta shige ramin da sandar taya take, in na kai hanci sai wari ya daki ƙwaƙwalwata. Hikima tana tsaye a gabana, hannu a miƙe, ba kuka, ba komai, hannu kawai. Na san abin da ruwan zafi zai yi wa motar, na kuma san abin da lakar za ta yi wa cikin 'yata. Na daɗe a tsugune gaban bokitin ruwan zafi kafin na tsoma ta, ina wankewa ina ba Baba haƙuri a zuciyata.

Katako ya sha ruwa ya kumbura, tayoyin huɗu suka cije. Na ajiye ta a inuwa kamar yadda aka koya mini, amma wa ya taɓa ganin abu ya bushe a Kumasi da damina? Kaya ma a igiya sai su yi tsami. Motar ta fara fitar da farin gashin fumfuna a ciki, ina gogewa yana dawowa.

Hikima ta daina ci. Ruwa kawai take kurɓa. Takan zauna a lungun gado, hannu a kunne babu komai a ciki, babban yatsan yana ta murza iska. Na yi ƙosai, na yi alawa, na sayo mata motar roba mai fitila da kiɗa, ko kallo ba ta ishe ta ba. Da idanunta suka fara faɗawa na kai ta asibiti. Wata nas, wadda da ganinta 'ya'yanta har kwanon maƙwabta suke lashewa, ta ce mini yaro in ya ji yunwa zai ci, in daina shagwaɓa ta. Ta rubuta mana maganin ƙara cin abinci, wanda shi ma ta baki ake sha.

Na naɗe motar a gyale na hau trotro ta gaske zuwa unguwar Oforikrom, wajen yayana Osmanu. Shi ya gaji hannun Baba, kujeru da gadaje yake yi. Na same shi injin yankan katako yana ta ihu a bayansa, ƙura ta rufe masa gira.

"Yaya, tayoyin sun cije," na ɗaga murya. "Ka sassauta su. Ta bayan nan tana kuka, don Allah ka kula da kukan."

"Yoo, na ji," in ji shi. "Zan kula da shi. Dawo bayan Azahar."

Na koma gida da ɗan sanyi a rai, har na dama koko na rufe. Bayan Azahar na dawo, ya miƙo mini motar yana murmushi, irin murmushin da ban gani a fuskarsa ba tun rasuwar Baba. Ya kankare farin gashin, ya goge ta sumul. Ya ɗora ta a benci ya tura, ta tafi har ƙarshe ba ko motsin sauti.

"Tsohon sandan ya lanƙwashe, na sa sabo," ya ce. "Kukan nan ma na kashe shi koraa. Ba za ki sake ji ba."

Na zauna a kan wani gungume. Da ƙyar na ce, "Ina tsohuwar sandar?"

Ya nuna ƙasa. An riga an share, matan da ke kwasar garin katako don hura wuta sun zo sun tafi. Da na yi masa bayani, murmushin ya zube. Bai ce laifina ne ba, ban ce nasa ne ba, ai kula na ce ya yi, ya kuma kula. Ya kashe injin, muka durƙusa mu biyu muna tona sauran ƙurar da hannu, muna neman wani ɗan itace da bai kai tsinken ashana biyu ba. Bayan nan ya fere sanda ya karkata ta, ya sa. Ta yi ƙara, amma ƙarar ƙofa. Ya sake wata, ta yi kamar ɓera. Kowace ya juya sai ya dube ni.

"Haka ne, Rafia?"

"Ban sani ba, Yaya. Kamar ba haka ba."

Na zaɓi wadda na ga ta fi kusa, na kamo hanya. Mma Zuleha na zaune da Hikima a baranda. Yarinyar tana ganin gyalen ta miƙe, jiri ya ɗan kwashe ta, ta dafa bango. Ta karɓi motar da hannu biyu, ta shinshina, ta kara a kunne. Na jawo kwanon koko a hankali na cika cokali.

Ta murza tayar. Ta sake murzawa. Ta canza kunne. Sannan ta taka zuwa bakin ƙofa, inda baƙi ke tuɓe takalma, ta ajiye motar a can a hankali, ta dawo ta zauna.

"Yi masa kukan da bakinki," in ji Mma Zuleha, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ke kin fi kowa jin shi."

Gaskiya ta faɗa. Tun Hikima na da shekara biyu kukan nan yake cikin kunnena, ina wanki yana nan, ina salla yana nan, sau nawa na roƙi Allah ya yi shiru in huta. Na matsa kusa da ita, na matse leɓe, na fitar da wani sauti. Ta ɗago. Ta matso, ta manna kunnenta a bakina, ta ɗora babban yatsanta a leɓena ta fara murzawa, tana jira.

Na neme shi a harshena, na neme shi a maƙogwaro. Na yi siriri, na yi kauri, hawaye na shiga mini baki. Ita kuwa ba ta janye ba, ta ci gaba da murzawa, cokalin yana hannuna kokon ya huce, ni kuma na kasa tuna yadda kukan yake.