Karen Marigayi Rufa'i

A unguwar Farcha Abdulmuhaimin ya tashi, cikin masu fataucin shanu, kuma tun yana saurayi shi ake nema idan karen garke ya fara cizon mutane. Daga baya wani likitan dabbobi ya ɗauke shi aiki, ya koya masa yadda ake horar da kare ba tare da sanda ba. 'Yan'uwansa suna tsokanarsa, wai saboda taɓa karnuka rabin rayuwarsa a wankin hannu ya ƙare. Shi dai murmushi yake yi, ya ce kowa da abin da Allah ya hore masa.

Cikin damina wata mata ta kira shi a waya. Dada Mairama sunanta, a unguwar Atrone take. Mijinta Rufa'i mahauci ne, ya rasu, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ya bar mata kare, karen kuma ya ciji mai kawo ruwa, maƙwabta sun ce ko ta san yadda za ta yi da shi ko su ba shi guba.

Washegari da hantsi ya hau babur zuwa can. Gidan shi ne na ƙarshe a layin, bulo ne ko shafe ba a yi masa ba, bayansa fili ne da ruwan sama ya kwanta a ciki. A gindin darbejiya ya ga karen ɗaure da sarƙa, ja ne, duk haƙarƙarinsa a waje. Yana ganin baƙo ya yi kansa har sarƙar ta shaƙe shi.

Abdulmuhaimin bai matsa ba. Ya tsuguna daga nesa, ya ba shi gefen jikinsa, yana kallonsa ta wutsiyar ido. Haƙora a waje, amma jela tana tsakanin ƙafafu, ƙafafun baya kuma sai karkarwa suke.

"Dada, wannan ba mugunta ba ce," ya ce. "Tsoro ne. Yaya sunansa?"

"Zarto."

"Ana dukansa?"

Ta ja mayafi ta rufe damtsenta. "Allah ya jiƙan maigida," ta ce. "Hannunsa yana da nauyi."

Bai ƙara tambaya ba.

Mako biyu yana zuwa kullum da safe. Sai ya zauna a ƙasa, ya jefa busasshen huhu kusa da karen, ya kawar da kai. Yau taku goma tsakaninsu, jibi takwas. Ya cire sarƙar ya sa igiya mai laushi, domin ƙarfen ya ci wuyan har ya yi kanta. Ya nuna wa Dada Mairama yadda za ta ajiye kwanon abinci ta juya ba tare da ta tsaya a kansa ba. Ran kwana na goma sha biyu Zarto ya karɓi nama daga tafin hannunsa, ya ruga da shi bayan bishiya kamar wanda ya yi sata. Dada ta yi dariya, karo na farko da ya ji dariyarta.

Wata rana ruwa ya tsare shi, bai iso ba sai bayan la'asar. Gari ya washe, kaji suna tono a tsakar gida, Dada tana daka a madafi. Yana cikin koya wa Zarto zama, sai karen ya saki naman da ke bakinsa. Kunnuwansa suka juya wajen ƙofa.

Ƙofar a rufe take, da sakata.

Idon karen ya tashi daga ƙofar, ya bi tsakar gida a hankali, daidai saurin tafiyar mutum. Ya tsaya a wajen randa na ɗan lokaci. Sannan ya ci gaba, yana matsowa, kan karen yana ɗaguwa sama kaɗan-kaɗan, har ya tsaya a tsayin fuskar namiji. Zarto ya zauna. Ya kwanta. Ya ɗora haɓarsa a ƙasa. Sai kansa ya kauce gefe da ƙarfi, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana ƙaramin kuka. Fitsari ya gangaro ta ƙarƙashinsa.

A nan ne Abdulmuhaimin ya lura babu ƙarar taɓarya. Kajin ma sun taru a lungu.

Da abin ya wuce, ya je bakin madafi. Dada tana tsaye riƙe da taɓarya, idonta a kan turmi.

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum. Lokacin dawowar maigida daga mayanka ke nan. Yakan sha ruwa tukuna."

Abdulmuhaimin ya gaya mata abin da ya sani. Dabba tana riƙe lokaci a jikinta. Karen da aka saba dukansa a sa'a ɗaya shekara da shekaru, jikinsa zai ci gaba da jiran dukan ko mai dukan ba ya nan. Maganinsa a cika wannan sa'ar da wani abu. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To, ɗana. Kai ka san aikinka."

Ya mayar da zuwansa yamma. Kafin lokacin ya yi sai ya sa wa Zarto takunkumi, su fita bakin fili. A waje babu abin da ke faruwa. Karen yana shinshina ciyawa, yana kallon awaki, har ya fara barin mutane su wuce kusa da shi ba tare da ya yi gurnani ba. Hankalin Abdulmuhaimin ya kwanta, ya ga lokaci ya yi da zai haɗa shi da ɗan'uwansa kare.

Yana da wata tsohuwar karya, Talatu, wadda ba ta faɗa da kowa. Da ita yake sabar da karnuka masu tsoro, kuma babu gidan da ta taɓa ƙin shiga. Ya kawo ta a bayan motar wani abokinsa. Ta shiga gidan Dada lafiya lau, ta kwanta kusa da ƙofa, Zarto yana leƙenta daga gindin bishiya. Abdulmuhaimin ya ce yau ba za su fita ba, a ga yadda zai yi da baƙuwa a gida.

Da lokacin ya yi, Talatu ce ta fara tashi. Gashin bayanta ya miƙe. Ta ja da baya ta manne da bango, kamar yadda take yi idan za a wuce da kaya. Idonta ya bi tsakar gida, ya tsaya a randa.

Talatu ba ta taɓa ganin Rufa'i ba.

Abdulmuhaimin bai san lokacin da ya miƙe ya tsaya a gaban Zarto ba, bayansa yana fuskantar randar. Haka yake yi idan kare ya firgita da wani abu, ya tare masa. "Dube ni," ya ce. "Zarto, dube ni."

Karen bai dube shi ba. Saman kafaɗarsa yake kallo. Sai wani wari ya zo wa Abdulmuhaimin, warin da ya sani tun yana yaro: jini da kitse da tumbi, warin rigar mahauci da yamma. Ya ji ɗumi a ƙeyarsa, kamar an tsaya dab da shi. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a ransa, bai waiwaya ba. Zarto bai kwanta ba wannan karon. Ya raɓa jikinsa da ƙafar Abdulmuhaimin, yana karkarwa, wani siririn gurnani yana fita daga ƙirjinsa. Suka tsaya haka har warin ya gushe.

"Dada," ya ce da ya samu bakin magana, "zan tafi da shi Farcha."

"Tafi da shi."

A Farcha karen ya warke da sauri har abin ya ba shi mamaki. Cikin wata guda yana kwana jikin Talatu, yana zama idan an ce ya zauna, yana zuwa idan an kira shi. Ya yi ƙiba, gashin wuyansa ya fito. La'asar ta zo ta wuce yana barci a inuwar shanu.

Mako shida bayan haka Dada Mairama ta zo da tsakar rana. Ta rame. Zarto ya ruga ya tarbe ta yana kaɗa jela, ta tsaya tana kallonsa, hawaye suna zuba.

"Ya gama horo," in ji Abdulmuhaimin. "In kina so, gobe in mayar miki da shi."

"A'a." Ta share fuska. "Ashe shi yake tare mini. Tun da ka ɗauke shi, daga randa madafi ake nufowa, inda nake."

 Ya kawo mata kujera, ya zuba mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"An yi saukar Alƙur'ani sau biyu," ta ce. "Goggona da ke unguwar Moursal ta ce in koma wurinta. Zarto kuwa bar shi a nan, ya sha isasshiyar wahala. Taimako ɗaya nake nema. Ba ni da namijin da zai kwashe mini kaya."

Washegari da asuba ya samo mota da mutum biyu. Suka kwashe gado da tukwane da buhunan gero, suka kama kajin suka ɗaure. Ƙarfe sha ɗaya sun gama. Dada ta kulle ƙofa da kanta, ta ba maƙwabcinta makulli ya ajiye wa dangin marigayin, ta shiga gaban mota, ta ce wa direba su bi ta bakin kasuwa tana son sayen sabuwar tabarma.