Busassun da Suka Yi Fure

Har yau in na tuna Injiniya Gocev sai in ji raina yana tafasa. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Sai dai in za a faɗi gaskiya, sunana ne a kan takardar, ba nasa ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka tura ni ofishin tsara babban birni in yi wata uku na sanin makamar aiki. Kowane ɗalibi da ɗan littafinsa, in wa'adi ya cika shugaban sashe ya buga masa hatimi. Babu hatimi babu digiri, sai maimaita shekara. Uwata kuwa ta riga ta gama shelanta wa ƙauyenmu cewa bana Ralitsa za ta kammala.

Kusan wata biyu ba abin da nake yi sai dafa wa Gocev, shugaban sashenmu, kofi da jera fayil. Ran nan cikin Fabrairu ya wurgo mini takarda.

"Abokiyar aiki," in ji shi. Haka yake kiran mu in zai ɗora mana abin da ba ya so a ga sunansa a kai. "Je ki filin da ke tsakanin gidan bene mai lamba sha huɗu da mai lamba sha biyar ki ƙirgo itatuwa. Gida biyu ne a takardar, mai rai da busasshe."

Na je cikin sanyin nan mai shiga ƙashi. Ban ƙirga biyar ba wata tsohuwa ta buɗe taga ta daka mini tsawa.

"Ke! Wa ya aiko ki? In masu gini ne, koma ki ce musu Zlatka ba ta mutu ba tukuna!"

Na ce mata ni ɗaliba ce. Sai ga ta ta fito cikin kwat ɗin marigayi mijinta, ta kama hannuna tana nuna mini itatuwan ɗaya bayan ɗaya kamar jikokinta. Ta ce da aka ba su gidajen nan filin taɓo ne zalla, kowane gida ya dasa ɗaya.

"Wannan bishiyar janka kuwa, 'yata, maigidana Ignat ne ya ɗauko ta daga ƙauye a cikin bokiti. Sai da ya yi faɗa da direban bas a kanta. 'Ya'yanta tsami kamar bakinsa."

Ba ganye ko ɗaya a filin, amma ba sai an kai ni makaranta ba. Rassan cike suke da zaren da a al'adarmu ake ɗaura wa juna a hannu ran ɗaya ga Maris, ja da fari, na bara da na bara waccan, duk sun koɗe. Kowa ya san ba a kwance zaren nan daga hannu sai an ga shamuwa ko an ga itace ya yi fure, sannan a ɗaura a reshensa. Wa ya taɓa ɗaurawa a busasshe? Itace arba'in da ɗaya ne. Talatin da takwas da zare, uku babu, kuma ukun da na karya reshensu ƙaras suka yi. Haka na rubuta.

Gocev ya duba takardar ya yi dariya har da buga tebur.

"Zare? Shekara huɗu a jami'a, zare kika kawo mini? Kin ga ganye?"

"Yallaɓai, Fabrairu muke. Ko itacen ƙofar ofishin nan ba shi da ganye."

"Na tambaye ki itacen ƙofar ofishi? Abin da ido ya gani ranar ƙirge shi ake rubutawa."

A nan na gane dalilin da ya sa ba a aika kowa ƙirge cikin Mayu. Busasshe ba ya bukatar izini, ba a tara mutanen unguwa a kansa, sara kawai ake yi. Kuma ashe an daɗe da zana wurin ajiye motoci a filin, zanen yana cikin fayilolin da ni da kaina na jera.

Na ce ba zan canza ba. Bai ɗaga murya ba, munafukin. Aljihun tebur ya ja, ya ɗauko littafina ya ajiye kusa da hatimi, ya ci gaba da shan kofinsa. Kwana huɗu littafin yana wurin. Ran na biyar na sake cika takarda, arba'in da ɗaya busassu, na sa hannu.

Washegari ɗaya ga Maris. Ina fitowa daga ofis sai ga Kaka Zlatka a bakin ƙofa da banitsa, gurasarmu mai cuku, da zafinta a cikin tawul. Bas biyu ta hau ta nemo ni. Ta ɗaura mini zare a hannu ta ce, "Ki yi lafiya, ki yi ja ki yi fari, 'yar kirki." Na buɗe baki in gaya mata, wallahi na buɗe. Sai na ce na gode. Har banitsar na ci, don rashin kunya.

Ƙarshen wata Gocev ya buga hatimin, ya ce saura abu ɗaya, wanda ya yi ƙirge shi ke tsayawa a kan masu sara.

Ranar saran, kafin in isa sun yi nisa. Filin fari fat, kai ka ce dusar ƙanƙara ce ta dawo. Fure ne. Itatuwan suna kwance cike da shi, ƙudan zuma na bin su har ƙasa. Mutane sun cika tagogi suna zagi, ni ma na shiga zagin masu sarar kamar mahaukaciya, sai babbansu ya ɗaga takarda ya ce, "Malama, wace ce Ralitsa Bonceva?"

Kaka Zlatka tana tsaye kusa da jankarta da aka kayar. Ta ji. Da ta mare ni da na ji sauƙi. Hannuna kawai ta duba.

"Har yanzu ba ki kwance ba? To ga fure kin gani. Cire ki ɗaura."

"Kaka, don Allah ki tsaya in..."

"Ni ba kakarki ba ce. Ɗaura. Ke kika ce busasshiya ce, ɗaura in gani."

Na durƙusa a taɓo, na ɗaura zaren a reshen. Ta tsaya a kaina har sai da na ƙulle shi sau biyu. Sannan masu aikin suka ce in matsa, suka ɗaga reshen suka jefa a mota.