Cokalin Alƙali

A gidanmu ni ce hannu, mijina shi ne harshe. Haka muka raba aikin girki tun ina ɗauke da cikin fari, lokacin da duk abin da na sa a baki sai in ji kamar ƙwayar magani na tauna. Ya ce in dinga zubawa, shi zai dinga ɗanɗanawa har in haihu. Na haihu, na yaye, yarinyar ta girma har ta yi nata gidan, amma cokalin bai dawo hannuna ba. Ni ma ban nema ba. Ban sake kai miya bakina daga tukunya ba, sai dai in ci a faranti kamar baƙuwa.

Alƙali nake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ya ɗebo miya da tsohon cokalinmu na katako, sai ya hura, ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ni kuma in tsaya da gwangwanin gishiri a hannu ina jiran hukunci. Wani lokaci ya ce, "Gwanata, saura kaɗan." Wani lokaci ya girgiza kai ya ce, "An sallami mai laifi, a kawo faranti." Bai taɓa kuskure ba, abin har haushi yake ba ni.

Kicin ɗinmu ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace kafin ɗayan ya wuce. Murhun gas ɗin kai biyu gare shi, na hagun ba ya kamawa sai an lallaɓa shi da ashana. Ni tela ce, shi bakanike, kuma duk yadda yini ya yi mana, a nan muke haɗuwa da yamma. Zai shigo ya dirje hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, ya ɗauki wuƙa ya hau albasa, don ni hawaye take sa ni. Yana yanka yana ba ni labarin masu motar da suka rantse ba su taɓa komai ba, ni kuma ina ba shi na matan da suke rantsuwa ba su ƙara ƙiba ba, awona ne ya yi ƙarya. Kunnensa ma na aikin gareji ne. Yadda yake sauraron inji ya faɗi ciwonsa, haka yake sauraron tukunya. Ko bayansa ya juya zai ce, "Ruwan shinkafar nan ya tsotse, rage wuta." Ƙanzo kuwa nasa ne, ba a gardama. Rabin abincinmu a tsaye muke cinye shi kafin ya isa tebur.

Sai wata muguwar mura ta shigo gidan. Ni ta ɗan taɓa ni ta wuce, shi kuwa ta kwantar da shi da zazzaɓi sosai. Da ya miƙe muka koma kicin kamar da, na ce alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ranar farko na yi miyar kifi. Ya ɗanɗana, ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce in ƙara gishiri. Na ƙara. Ya sake ɗanɗanawa, ya ce in ƙara. Hannuna ya so ya yi gardama, amma yaushe hannu ya fara yi wa Alƙali gardama? Na ƙara. Da muka zauna na kai loma, sai da idona ya kawo ruwa. Na saci kallonsa, na ga yana ci hankali kwance, kansa na cikin faranti. Washegari kuma na dafa wake, ko rabin gishirin da na saba ban zuba ba ya ce ya isa. Na ci, na ji salam kamar ina tauna audugar katifa.

Ko sau ɗaya ban zargi harshensa ba. Wallahi ko a raina bai ɗarsu ba. A shago wata mai kawo ɗinki ta taɓa ce min murar nan takan bar wa wasu ɓarna a baki, su daina jin abinci yadda yake. Nan take na ce shi ke nan, ni ce. Alƙali ya ce miya ta yi, ni na ji ba ta yi ba, to wa ke da matsala?

Tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron ciwo ba ne. Na san mijina. In ya ji bakina ya lalace, zai ce in huta, ya zaunar da ni a falo ya dinga kawo min abinci a tire kamar mai jinya. Ni kuwa duk abin da nake so a duniyar nan bai wuce tsayuwar nan tamu a ɗan kicin ba, kafaɗa na gugar kafaɗa. Don haka na ja bakina na yi shiru. Nakan sunkuyar da kai in tura abinci da ruwa, don fuskata ba ta iya ɓoye komai, kuma shi ya fi kowa iya karanta ta. Na yi mamakin yadda bai kama ni ba. Ban lura cewa shi ma ya daina ɗago kai ba.

Muna cikin haka yayarsa ta kawo mana ziyara. Yaya mace ce mai kirki, amma tsakanin zuciyarta da bakinta babu ƙofa. Na yi shinkafa da miyar kaza, Alƙali ya yanke hukunci, na zuba gishiri yadda ya ce, muka zauna.

Loma ɗaya Yaya ta kai ta ajiye cokali, ta lalubi kofin ruwa.

"Ke, matar ƙanena, me na yi miki?" ta ce tana tari. "Gishirin unguwar nan kaf kika kwaso? In korata kike son yi ai sai ki faɗa min da baki."

Wata matar da kuka za ta sa. Ni kuwa tsalle na yi, na kama hannunta biyu.

"Yaya, ke ma kin ji? Don Allah da gaske ya yi yawa?"

"Ikon Allah. Ana zagin girkinki kina murna?"

"Lafiyata ƙalau ke nan! Yaya, bakina ƙalau yake!"

Na juya in yi wa Alƙali albishir, sai na fasa. Shi har ya yi nisa da cin nasa. Cokali na hannunsa, ya tsaya cak tsakanin faranti da baki, kuma a karon farko cikin makonni ya ɗago ya dube ni.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun zazzaɓin nan." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ba na jin ɗanɗanon komai, Gwanata. Ko ƙamshi ba na ji. In na ce ki ƙara, nema nake ko zan ji wani abu. In kuma tsoro ya kama ni sai in ce ya isa."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"Ke kin faɗa min naki?"

Yaya ta dube ni, ta dube shi, ta tafa hannu. "Oh ni! Wato mako da makonni kuna zaune kuna shan gishiri, kowa na ɓoye wa kowa? Kai, Allah ya haɗa ku, babu wanda ya cuci wani. A ba ni burodi da shayi."

Mun yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Ya je asibiti. Likita ya ce a wasu yakan dawo, a wasu yakan daɗe, sai haƙuri. Ni na ɗauka tunda gaskiya ta fito an gama. Ashe abin da na ji tsoron zai yi min, shi ya yi wa kansa. Washegari da yamma ya dawo daga gareji, ya wanke hannu a banɗaki maimakon kicin, ya wuce falo ya kunna rediyo. Na leƙo na ce albasa na jiransa.

"Yi kawai," ya ce. "Me zan tsinana miki a can? In tsaya in tare miki hanya?"

Raina ya ɓaci, na ce masa dama can tare min hanya yake yi, ban kuma taɓa kai ƙara ba. Bai ko murmusa ba.

Haka na koma girki ni kaɗai. Kicin ɗin da nake ƙorafin ya yi mana kaɗan sai ga shi ya yi min yawa, ina juyawa ba na bugun kowa. Na yanka albasa na yi hawaye, na kuma ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifi. Gishiri da ido nake auna shi, hannuna ya san aikinsa, abincin yana fita daidai. Cokalin katakon dai na bar shi rataye a ƙusarsa, na kasa ɗanɗanawa da shi. In na kai masa abinci zai ci ya ce an gode, kamar wanda aka ba shi a gidan mutane. Ƙanzo ya dinga kwana a tukunya. Na rame, shi ma ya rame, kuma na yi kewar mutumin da ke zaune taku kaɗan daga inda nake.

Na roƙe shi, na yi fushi, na haɗa shi da 'yarmu ta waya. Duk a banza. Alƙali in ya kafe, ko motar da ta mutu a tsakiyar titi ta fi shi saurin motsi.

Wata ranar da yamma na ɗora shinkafa a kan dama, miya a kan hagu. Na ji ruwan shinkafar ya fara tsotsewa, na miƙa hannu zan rage wuta, sai na fasa. Na harɗe hannuwana na jingina da bango. Tukunyar ta daina ɓararraka, ta koma wani ɗan ƙas-ƙas a ƙasa. Na ji an rage muryar rediyo a falo.

"Gwanata," ya kira, "shinkafarki."

Na yi kamar ban ji ba.

"Ke! Ruwan ya ƙare, tana kamawa!"

Ko motsi ban yi ba. Sai ga ƙarar silifas, ya faɗo kicin ya ture ni da kafaɗa, ya murɗe wutar, ya ɗaga murfi tururi ya bugi fuskarsa.

"Kina tsaye a kanta za ki bar ta ta ƙone? Me ya same ki?"

"Ni hannu ce," na ce. "Ba a ɗauke ni aikin saurare ba."

Ya dube ni, ya gane da gangan na yi. Miya na tafasa a gefensa. Ban san ko ya san abin da yake yi ba, amma hannunsa ya tafi ƙusa da kansa ya zaro cokalin katako. Ya ɗebo miya, ya hura, ya kai rabin hanya zuwa bakinsa, sai ya tuna. Na ga yadda fuskarsa ta faɗi.

Ya tsaya da cokalin a sama. Sannan a hankali ya juyo da shi, ya tara ɗaya hannun a ƙasa kada ta ɗiga, ya kawo bakina.

Na kurɓa. Rabon da in ɗanɗani miya daga tukunya tun lokacin cikin fari. Na juya ta a baki ina neman abin da zan ce, shi kuma ya kafe ni da ido, bai rufe su ba wannan karon. Kafin in yi magana ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Saura kaɗan," ya ce.

"Ya aka yi ka sani?"

"Girarki ta hagu ba ta ɗaga ba. In miya ta yi, takan ɗaga."

Na ɗauki gwangwani na barbaɗa. Ya juya, ya sake ɗebowa, ya hura, ya ba ni. Ban san me fuskata ta yi ba, don lokacin hawaye ya riga ya ɓata min ita, kuma babu albasa a kusa da zan ɗora wa.

"An sallami mai laifi," ya ce. "A kawo faranti. Kuma kada ki taɓa min ƙanzo, ko ban ji ɗanɗanonsa ba ina jin ƙararsa."