Rumbun Alamomin Datti

Shekara bakwai na yi a shagon Alhaji Abdulmuhaimin da ke unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki, ina zana da'irar lantarki ta allunan da ke nuna lokutan sallah. Kowane ɗan ƙarfe da ke kan allon yana da alamarsa a zane, kuma ni na zana su ɗaya bayan ɗaya, na tara a wani rumbu cikin kwamfutata. Babu mai kwafinsu sai ni, shi ya sa ko Alhaji ba ya ɗaga min murya.

Da wani kamfani a Jidda ya nemi ganin zanenmu, sai Alhaji ya ce Mailafiya ne zai kai. Mailafiya fa, abokin aikina da bai fi shekara biyu da zuwa ba! Yana da iƙama, wato takardar izinin zama, ni kuwa ba ni da ita, don tun da na sauke farali ban koma gida ba. Ga shi Larabci a bakinsa kamar ruwan famfo. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ina tsaye ya kwafi fayil ɗin zanen a filashi. Zanen kaɗai, bai haɗa da rumbun alamomin ba. Na gani sarai, na ja bakina na yi shiru.

"Ya Datti, ya cika?" in ji shi.

"Allah ya kiyaye hanya," na ce.

Bayan azahar ya kira ni sau huɗu, ina kallon wayar ina shan shayina. Ashe da suka buɗe zanen a gaban injiniyoyi, babu abin da ya fito sai akwatunan wofi, kowanne da alamar tambaya a ciki. Wallahi na ji daɗi.

Washegari Alhaji ya kira mu. Na zaci Mailafiya zai sha faɗa.

"Halas, shi ke nan, laifina ne," in ji Alhaji. "Yaya za a ce aikin shago duka yana cikin kwamfutar mutum ɗaya? Daga yau kowane zane a ajiye shi tare da alamominsa. Datti, ba Mailafiya kwafin rumbun gaba ɗaya. Sun ce ya koma ranar Lahadi."

Mailafiya ya miƙo min filashin da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, ya akhi, na kunyata aikinka."

Na karɓa, na soka a kwamfutar. Ko minti ɗaya kwafin bai ɗauka ba.