Babban Yatsan Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni nake yi masa wanka, Yaya ne abokin hirarsa. Yaya yana da aiki, da babur, da baki. Ni kuwa na gama sakandare na dawo gida na zauna. Keken ɗinkin Baba yana zaure a lulluɓe da tsohon zani, ko zare ban iya sa masa ba. In na shiga ɗakinsa sai dai ya bi ni da ido. Na daɗe da yanke wa kaina cewa ya cire rai da ni.

Ranar zaɓen kansila ya tashi yana nuna rigarsa da ke rataye a ƙusa.

"Ina za ka a haka, Malam?" in ji Inna.

"Zaɓe." Kalmar ta fito a karkace, amma ta fito.

Yaya ya yi tsalle. 'Yan takara biyu ne a unguwarmu, Mai Kemis da tsohon Hedimasta, kuma Yaya yaron Mai Kemis ne.

"Mun ƙaru da ɗaya!" ya ce.

Muka aro keken guragu a maƙwabta. Ni ke turawa, Yaya na gaba yana gaisawa da mutane. Ba mu yi nisa ba taya ta faɗa cikin fasasshiyar kwata.

"Ka gani ko, Malam Shiru?" Yaya ya ce da ni. "Kai da kake cewa zaɓe ɓata lokaci ne. Kowace unguwa kansila ɗaya take turawa majalisar gari. A can ake yanke wace kwata za a gyara, wane asibiti za a ba ma'aikaci. Ɗakin gashin ƙashin da Baba ke buƙata, wa kake jin zai sa a buɗe shi? Aljanu?"

"Kama ta can mu ɗaga," na ce.

A firamaren unguwa ake zaɓen. Da ganin Baba layi ya dare. Mahaucin bakin titi ya leƙo daga baya.

"Tela! Ashe kana nan! Wandona da ka ce in zo gobe, har yau goben ba ta yi ba?"

Baba ya yi dariya da rabin baki. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Jami'ar zaɓen, wata mai tabarau, ta duba katinsa, ta dubi hannun daman da ke kwance a cinyarsa, ta dubi na hagun da ke rawa.

"Baba, doka ta ba ka dama ka shiga da mutum ɗaya ya taimaka maka. Wanda ka yarda da shi."

Yaya ya riƙe keken. "Ni ne babban ɗansa."

"Ban tambayi babba ba, ɗan'uwa. Shi na tambaya."

Na ja baya don in ba su hanya. Sai na ji an riƙe gefen rigata. Hannun hagun Baba ne.

Bayan labulen akwai ɗan tebur da tawada. Na shimfiɗa takardar, na durƙusa daidai kunnensa, na karanta masa sunayen a hankali, ina nuna alamar kowa.

"Wanne, Baba?"

Ya kafe ido a wuri ɗaya. Na ɗora yatsana a kai. "Wannan?" Ya gyaɗa kai. Na matsa kan ɗayan. "Ba wannan ba?" Ya girgiza kai, har da ɗan tsaki.

Na kama babban yatsansa. Hannun yana ta karkarwa, na tallafe shi da nawa biyu har ya natsu. Muka dangwala. Na naɗe takardar, shi ya tura ta cikin akwati da kansa.

A waje Yaya ya tare ni. "Wa ya yi wa?"

"Ga shi nan, tambaye shi."

Baba ya lumshe ido kamar mai barci.

"Ku biyun nan sai Allah," Yaya ya ce, ya koma wurin mutanensa.

Sai da muka kai ƙofar makarantar na iya buɗe baki.

"Baba, me ya sa ni?"

Ya daɗe yana haɗa maganar. "Yayanka... ya riga ya sani. Kai... kana tambaya."

Na so in ce na gode, sai na gyara masa hula.

Ya jawo hannuna, ya juya babban yatsana. Fes, ba ɗigon tawada.

"Naka fa?"

Katina yana aljihu. Inna ce ta cusa mini shi da za mu fito.

Na juya keken. Na ajiye Baba a inuwar bango, inda zai riƙa ganina, na je na tsaya bayan mahauci.