Gas ɗin Firijin Ummi

Ranar Laraba, ana tsakiyar zafin bazara a Kankiya, Ummi mai ƙanƙara ta ce Talha na Kusada zai gyara firijinta. Ni kuwa aurenta nake nema.

"Talhan da ya tarar da ni a wajen koyon gyara?" na ce. "Haba Ummi, kawo nan!"

Na rufe shagona don kada a ga ina lalube, na sa wa bututun firijin wutar walda ban cire gas ɗin da ke ciki ba. Ashe da wuta guba yake zama. Da Ummi ta gaji da jira, ta aiko Talha ɗaukar firijin, ya tarar na faɗi, ya kai ni asibiti.

Abu uku na rasa: firijin, lafiyar huhuna, da Ummi.